A gyara tsohuwar kwamfuta ko a harhaɗa sabuwa don buga gem? Tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu son buga gem a kwamfutar tebur ba daga sabuwa suke farawa ba. Akwai wata a ɗaki, ko ta ofis da aka saya ta hannu, ko wadda yaya ya bari. Da kuɗi ya ɗan taru sai shawara ta rabu biyu: a ƙara mata kaya, ko a haƙura da ita a harhaɗa wata.

Kwamfutata tana cijewa idan ina gem. Me zan fara saya?

Kada ka sayi komai tukuna, fara gano inda ciwon yake. Kunna gem ɗin da ke wahalar da ita, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe ya nuna maka aikin da kowane ɓangare yake yi. Manhajar MSI Afterburner ma kyauta ce, tana nuna wannan a kan allo kana cikin wasa. Idan katin hoto, wanda ke zana hoton wasan, ya kai kashi 99 ko 100 alhali furosesa, mai yi wa kwamfutar lissafi, na hutawa, katin ne ya gaza. Idan furosesa ne ya cika fal, kati kuma yana jiransa, to ko katin miliyan ka saka ba za ka ga canjin da kake fata ba. Idan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai, ya cika, faifan ajiya kuma ya tsaya a 100, matsalar mai sauƙin kuɗi ce.

Duba zafi kuma. Furosesa da kati suna rage gudu da kansu idan zafi ya yi yawa don kada su ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ƙarfen sanyaya, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato. A buɗe akwatin a hure ƙura, a goge tsohon man sanyaya da ya bushe a kan furosesa a shafa sabo. Sau da yawa wannan kaɗai na dawo da gudun da aka zaci ya tafi ke nan.

Wane ƙari ne mafi araha da zan ji bambancinsa nan take?

SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, idan har yanzu Windows ɗinka na kan tsohon faifai mai juyawa. Wancan da ƙyar yake wuce megabait 200 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA na kaiwa wajen 550, mai NVMe kuwa dubbai. Kwamfuta za ta tashi da wuri, gem zai buɗe da wuri, amma ba zai ƙara santsin hoto ba, wannan aikin kati da furosesa ne. Sai ram: gigabait 8 ya yi kaɗan ga wasannin yanzu, 16 ne ma'auni. A saka guda biyu masu 8 ya fi guda ɗaya mai 16, domin furosesa na ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda.

Zan iya canza furosesa kawai in bar sauran?

Nan ne ainihin hukuncin yake, kuma madabod, babban farantin da ake jona sauran kayan a kansa, shi ke yanke shi. Kowane madabod na da soket ɗinsa, wato gurbin da ake ɗora furosesa, da nau'in ram da yake aiki da shi. Su ukun nan, madabod da furosesa da ram, tare suke tafiya. Ranar da dole ta sa ka koma soket na wani zamani, galibi sai ka canza duka.

Mai soket AM4 na kamfanin AMD ya yi sa'a. Ryzen na farko ya fito a kansa a 2017, kuma soket ɗin ya ci gaba da karɓar sababbi har zuwa jerin Ryzen 5000. Wanda ke da Ryzen 5 1600 ko 2600 a kan madabod B350 ko B450 galibi zai iya cire shi ya ɗora Ryzen 5 5600, ko 5800X3D na 2022 wanda aka ƙera musamman don gem, ram ɗinsa na DDR4 na nan yadda yake. A ganina duk mai irin wannan kwamfuta da ya jefar da ita don sayen sabuwa ya yi asarar kuɗi. Sharaɗi ɗaya ne: a duba jerin furosesan da kamfanin madabod ɗin ya amince da su, a sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod ɗin, tun tsohon furosesan na ciki. Kuma don Allah kada a yi wannan aiki da wutar NEPA tsagwaronta, domin idan aka ɗauke a tsakiya madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Intel ya fi yawan canza soket. Mai Core i5-4570 yana kan LGA1150 da ram DDR3, iyakar abin da zai samu shi ne i7 na wannan zamani, mai ƙwaƙwalwa (core) huɗu dai. Madabod na zamani na 6 da na 7 ba ya karɓar na 8 da na 9, duk da sunan soket ɗin iri ɗaya ne. Sai a LGA1700 aka samu sauƙi, inda na 12 da 13 da 14 suka haɗu a soket guda.

Tawa Dell OptiPlex ce ta hannu. Zan iya saka mata babban kati?

Irin waɗannan na ofis, OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, su suka cika shaguna daga Computer Village ta Ikeja har Kano, kuma suna da ƙarko. Amma don aikin ofis aka yi su. Ƙananan cikinsu akwatinsu siriri ne, na'urar ba da wutarsu ba ta cika wuce wat 250 ba, babu wayar da ake jona wa kati, sau da yawa ma mahaɗinta na kamfanin ne kaɗai, ba za ka sayo wata a kasuwa ka musanya kai tsaye ba. Abin da za su ɗauka shi ne gajeren kati mai shan wuta daga ramin madabod, wanda iyakarsa wat 75: GTX 1050 Ti, GTX 1650, ko RTX 3050 mai gigabait 6. Da wannan za ka buga GTA V da eFootball da makamantansu lafiya lau. Fiye da haka, kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Me ya haɗa Windows da wannan magana?

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na kwamfuta, da furosesan Intel daga zamani na 8, ko Ryzen daga jerin 2000. Akwai dabarun tsallake sharaɗin, amma wasu wasannin intanet ba sa yarda: Battlefield 6 ba ya tashi sai da Secure Boot, wani tsarin tsaro da ake kunnawa a BIOS, Valorant ma a kan Windows 11 yana neman TPM 2.0. Kafin ka yanke ƙauna, leƙa BIOS, don a madabod da yawa TPM na nan a kashe, da sunan fTPM a AMD ko PTT a Intel. Katuna ma suna da tasu iyakar: Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya aiki sai da katin da ke lissafin hasken gaske (ray tracing) da kansa, abin da katunan GTX ba su da shi.

To yaushe ne harhaɗa sabuwa ya fi?

Lokacin da lissafi ya nuna sai ka canza furosesa da madabod da ram, sannan kati, sannan na'urar wuta. A nan ai sabuwa kake haɗawa ko ka kira ta gyara. Gara ka sayar da tsohuwar a dunƙule ko ka bar wa ƙanne su yi karatu da ita. Soket AM5 da ya fito a 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa, a saka wannan a lissafi. SSD da allo da akwati mai kyau duk za su iya biyo ka. Kaso mafi tsoka ya tafi kan kati, fitilu masu launi su jira. Tun da aka saki naira a Yuni 2023 farashin kayan nan bin dala yake, don haka wanda bai da kuɗin duka a hannu zai iya fara sayen kati da na'urar wuta ya saka a tsohuwar, daga baya ya kwashe su zuwa sabuwa. Sabon kati na shiga tsohon ramin kati na madabod (PCIe) ba matsala.

Katin hannu fa, akwai haɗari?

Akwai. Bayan kuɗin kirifto na Ethereum ya daina dogaro da amfani da katin hoto wajen haƙarsa a Satumba 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun malalo kasuwa, akwai kuma na jabu da aka canza wa suna. Sa mai shago ya jona shi a gabanka, ka duba ainihin sunansa da manhajar GPU-Z, ka matsa masa da manhajar gwaji ta FurMark ko gem na rabin awa kana kallon zafi da ko hoto na yin ɗigo-ɗigo. Wanda ya ƙi a gwada, bar masa kayansa.

Na'urar ba da wuta dole ce in canza?

Idan ta tsufa, ko ba a san kamfanin da ya yi ta ba, i. A nan mutane suka fi tsuke hannu, alhali idan ta lalace takan tafi da kati da madabod. RTX 4060 na shan wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, don haka ingantacciya mai wat 550 ko 650 da tambarin 80 Plus ta wadatar. Ga mai fama da wuta mai hawa da sauka ko janareta, sitabilaiza da UPS suna cikin kuɗin kwamfutar tun farko. A kula da lambar da ke jikin UPS: mai 650VA abin da take iya ɗauka bai kai wat 400 ba, kwamfutar gem da allonta na iya fin ƙarfinta ana tsakiyar wasa. Mai sola da inbata kuwa ya nemi kati mai ƙarancin shan wuta, batirinsa zai fi kai shi dare.