Shari'ar gidajen haya da filaye a Najeriya

Shari'ar gidajen haya da filaye ta ƙunshi ƙararrakin da ke haɗa masu gidaje da masu zuba dukiya a harkar ƙasa da 'yan hayarsu, ko da wanda ya sayar musu, ko da gwamnati. Sau da yawa takarda ce ke kayar da mai gida a kotu, ko da gaskiya na wajensa.

Tarihi

Bayan Turawa sun ci Arewa, dokar 1910 ta sanya filayen yankin a ƙarƙashin ikon Gwamna. An sabunta ta a 1916, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1962. A Kudu kuwa, yawancin ƙasa ta ci gaba da zama a hannun dangi da al'umma. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauko tsari irin na Arewa ta shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya. Filayen kowace jiha suka zama amana a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, takardar shaidarsa kuma yawanci ta shekara 99 ce. An shigar da dokar cikin kundin tsarin mulki, shi ya sa gyara ta ke da wuya.

Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa shi ne ya fi jawo wa masu zuba jari asara, domin ya hana sayarwa ko jinginar da fili sai da amincewar gwamna. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba ɓatacciya ce. Duk da haka, har yau ana cinikin fuloti da 'yar takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun dillali da mai unguwa da shaidu, sai bayan an zuba harsashin gini magada su bayyana, ko wani da aka riga aka sayar wa.

A kotunan Musulunci na Arewa ana aiki da hauzi bisa mazhabar Malikiyya: wanda ya ga bare yana cin moriyar filinsa shekara 10 bai yi magana ba, kuma ba shi da uzuri, da wuya a saurari da'awarsa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo.

Tashin ɗan haya

Kowace jiha da dokarta, amma idan yarjejeniya ba ta faɗi wa'adi ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata 6. In bai tashi ba sai a ƙara masa na kwana 7, kafin a shigar da ƙara. Kuskure a ranar notis ya sha rusa shari'a, mai gida ya koma farko, bashin haya na ta taruwa. A 2021 Kotun Ƙoli ta sassauta wannan a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, sai dai lauyoyi na saɓani kan ƙarfin hukuncin.

Jinkiri ke tunzura wasu su yaye kwanon ɗaki, su cire ƙofa, ko su yanke wuta da ruwa. Doka ta haramta wannan, kuma ɗan haya na iya neman diyya. Ko gwamnati ba ta tsira ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin sojan Legas saboda fitar da Odumegwu Ojukwu, tsohon shugaban Biyafara, da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu.

Kuɗin haya

Dokar Legas ta 2011 ta hana karɓar hayar sama da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ba ta shafi Ikoyi da Apapa da wasu manyan unguwanni ba.