Famfon zafi ko esin da muka saba: wanne ya dace da zafin Kebbi?

A 'yan shekarun nan labarin famfon zafi, na'urar lantarki mai ɗumama ɗaki da sanyaya shi, ya cika kafafen Turai da Amurka, inda gwamnatoci ke ba mutane tallafi su cire tukunyar gas mai ɗumama gida su sa shi. Mu a Kebbi abin da ke hana mu barci daren Afrilu ne, lokacin da katifa ke ƙuna kamar an shanya ta a kan kwano. Ga tambayoyin da mai shirin kashe kuɗinsa ya kamata ya yi kafin ya nufi shagon kayan wuta.

Mene ne famfon zafi, kuma me ya raba shi da esi?

Kusan babu abin da ya raba su. Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, kwashe zafin ɗaki yake yi ya zubar waje. Gas ɗin da ke cikin bututunsa yana tsotse zafi a ɓangaren da ke cikin ɗaki, kwamfaresa ta matse shi, ya je ɓangaren waje ya saki zafin, ya dawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin waje ya ji hucin da yake fitarwa, to zafin ɗakin ne ya ji. Firij ma haka yake aiki.

Famfon zafi esi ne da aka ƙara wa wani bawul mai juya hanyar gas. Idan aka juya, sai ya kwaso zafi daga waje ya zuba cikin ɗaki. Dabarar tsohuwa ce: masanin Birtaniya Lord Kelvin ya bayyana ta tun 1852, shekara hamsin kafin Willis Carrier ya ƙera iyakwandishan na zamani a Amurka a 1902. A kasuwa, abin da ake nuna maka a ce "mai zafi da sanyi" shi ne famfon zafi. A rimot ɗinsa akwai alamar rana, kuma ba alamar "yau ana rana" ba ce, ta ɗumama ɗaki ce. Wanda ya danna ta a watan Maris zai rantse na'urar ta lalace.

An ce yana rage cin wuta sau uku. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma a wajen ɗumamawa kawai. Hitar lantarki tana mayar da yunit 1 na wuta zuwa yunit 1 na zafi, ba ƙari. Famfon zafi kuwa ɗauko zafin yake daga iskar waje, domin ko iska mai sanyi akwai sauran zafi a cikinta, don haka yunit 1 na wuta kan kawo yunit 3 zuwa 4 na ɗumi. Ɗumin da hita mai wat 2,000 za ta bayar, shi zai bayar da shi da wat 500 zuwa 700. Wannan lissafin ne ya sa ƙasashe irin su Norway da Sweden suka rungume shi, tunda suna ɗumama gida fiye da rabin shekara.

To a bazara fa, ya fi esi sanyaya ɗaki?

A'a. Idan ƙarfinsu ɗaya, kwamfaresarsu iri ɗaya, to sanyinsu ɗaya, cin wutarsu ɗaya. Duk mai shagon da ya ce maka famfon zafi ya fi sanyi don kawai sunansa famfon zafi, neman ciniki yake.

Inda bambanci yake na gaske shi ne tsakanin mai inbata da marar inbata. Tsohon samfuri kwamfaresarsa gudu ɗaya ta sani: ta tashi da ƙarfi, ta kashe, ta sake tashi, kuma kowane tashi tana fizgar wuta ninki da yawa na abin da take ci tana tafiya. Shi ya sa ƙwan fitila ke lumshewa, janareta ya yi nishi. Mai inbata a hankali yake tashi, in ɗaki ya yi sanyi ya rage gudu ya ci gaba a ƙasa-ƙasa. Yawancin famfunan zafi na yanzu masu inbata ne, daga nan ruɗanin ya samo asali: mutum ya cire tsohon esi ya sa famfon zafi, ya ga mitarsa ta rage gudu, sai ya ɗauka famfon ne, alhali inbatar ce.

Me ya sa wasu na'urorin ke yankewa da tsakar rana, daidai lokacin da aka fi buƙatarsu?

Nan ne ya kamata mutumin Birnin Kebbi ko Argungu ko Kamba ya buɗe ido. Na'urar tana zubar da zafi ne cikin iskar waje, kuma duk lokacin da iskar ta ƙara zafi aikin yana ƙara nauyi: sanyin ya ragu, cin wuta ya ƙaru. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura digiri 40 a inuwa. Injin da aka kafe a bangon yamma, rana tana dukansa daga azahar zuwa la'asar sakaliya, ga hucin siminti, yana shaƙar iskar da ta fi haka nesa.

Masu ƙera na'urori sun raba su aji-aji. Ajin T1 an auna shi ne a kan digiri 35, iyakarsa wajen 43. Ajin T3, wanda ake yi don ƙasashe irin su Saudiyya da Kuwait, an auna shi a kan 46, yana jure har 52. Sau da yawa rubutun yana nan a jikin lambar da ke manne a injin waje ko a takardarsa. Famfon zafin da aka ƙera don sanyin Jamus zai iya zama gwani a ƙanƙara ya kasa a Jega. A ganina, ga mutumin Kebbi, wannan harafi da lambar sun fi bawul ɗin juyawa muhimmanci. Sannan a kafa injin a bangon arewa ko gabas, ko a yi masa rumfa, amma kada a toshe masa hanyar iska da sunan kare shi daga ɓarayi.

Sanyin hunturunmu ya kai a ƙara kuɗi dominsa?

Ga yawancin gidaje bai kai ba. A Disamba da Janairu dare kan sauka wajen digiri 15, wani lokacin ƙasa da haka a bakin fadama, amma makonni ne kaɗan, kuma da hantsi ya ɗaga an manta. Bargo da rigar sanyi sun wadatar.

Akwai waɗanda zan ce su saya in bambancin farashin ba yawa: gidan da ke da tsoho mai ciwon ƙirji, ɗakin mai jego, ɗakin haihuwa a asibiti. Dalilin shi ne abin da muke ɗumama ɗaki da shi yanzu, wato kaskon gawayi. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana barci ta tafi da shi. Famfon zafi ba ya ƙona komai a cikin ɗaki.

Kula mai ruwa fa? Wasu na cewa wasan yara ce.

A Legas ko Fatakwal za a iya cewa haka. A nan kuwa, daga Fabrairu zuwa farkon Mayu, ita ce abokiyar takarar esi ta gaskiya. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa da bushewa a jikinta, haka kula ke tura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, kuma gwargwadon bushewar iska gwargwadon sanyin. A tsakiyar rani kula mai kyau kan sauke iskar da take hurawa da digiri 10 ko fiye. Cin wutarta wat 100 zuwa 200, yayin da esi mai hos-fawa 1.5 ke cin wajen wat 1,000 zuwa 1,200. Ƙaramin sola yana ɗauke ta. Tana kuma jiƙa iska, abin da hanci da leɓe ke nema a lokacin.

Sharuɗɗanta uku ne. Tana son taga a buɗe, saɓanin esi. In aka rufe ɗaki ruf, zai koma gumi. Tana shan ruwa lita da dama a awa, abin da mai saye a hannun 'yan garuwa zai sa a lissafi. Kuma da iskar damina ta fara shigowa a ƙarshen Mayu, raɓa ta cika sarari, ƙarfinta ya tafi, ta zama fanka mai tsada. A lokacin ne esi ko famfon zafi ke nuna fifiko, domin su cire laima suke daga iska. Yauri da Zuru da ke kudancin jihar sukan riga Argungu shiga wannan yanayi.

Da wace wutar za a kunna shi?

Kebbi da Zamfara da Sakkwato suna ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric. Tun Afrilun 2024 masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, suna biyan sama da naira 200 a kowane yunit. Esi mai hos-fawa 1.5 da ya yi awa 8 yana aiki ba hutu zai ci wajen yunit 9, ka ga kusan naira 2,000 ke nan a dare guda. Kula a awannin nan ba za ta kai yunit 2 ba. A kan janareta kuwa, tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, lissafin ya fi haka ɗaci.

Abin da ke taimakonmu shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da faifan sola ke cika aiki. Na'ura mai inbata tana tafiya da sola da rana ba tare da wahala ba. Daren ne ke da tsada, don batir ake buƙata. Saita rimot a 25 ko 26 tare da fankar sama ya fi saita shi a 16, domin 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfaresa hutawa kawai yake yi. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin kuwa, a fara da silin ɗin tukuna.

Ƙura ba ta kashe shi?

Tana rage masa ƙarfi, shi da esi duka. A hunturu a riƙa wanke ragar ciki duk mako ɗaya ko biyu, a wanke haƙarƙarin injin waje kafin bazara ta kama.

Ana maganar famfon zafin da ake binne bututunsa a ƙasa, da na dafa ruwan wanka.

Na ƙasa yana zubar da zafi ne cikin ƙasa, wadda 'yan mitoci kaɗan a ciki ta fi iskar Afrilu sanyi. Yana aiki, amma kuɗin haƙa da ƙarancin masu gyara sun sa ya fi ƙarfin gida. Na ruwan wanka yana son iska mai zafi, don haka ƙasarmu ta dace da shi, otal ko asibiti za su ci riba. Ga gida, tankin da rana ke dafawa a kan rufi ya fi sauƙi, ba ya cin wuta ko kaɗan.

Na hannu ya fi araha. In saya?

Duba gas ɗinsa. Tsofaffin na'urori da yawa R22 suke amfani da shi, wanda ake janyewa daga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, don haka samunsa zai ci gaba da wuya. Sababbi suna zuwa da R410A ko R32. Kada mai gyara ya cakuɗa wani da wani. Idan kuma famfon zafi ne, ka tambayi mai gyaran unguwarku tun kafin ka biya ko ya taɓa canza bawul ɗin juyawa da allon inbata, kuma daga ina ake samo su, Sakkwato ko Kano ko sai an aika Legas. In an kunna maka don gwaji, ka sa a gwada sanyin da zafin duka biyu a gabanka.