Waiwaye: hotunan koyar da duba fata da gurbin da suka bari a tafin ƙafa

Melanoma sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Idan an gano ta tun tana sama-sama, ƙaramar tiyata takan wadatar, amma da zarar ta nutse ta bazu cikin jiki, magani yakan yi wuya ƙwarai. Wannan ne ya sa a 1985 likitocin fata uku na Jami'ar New York, Friedman da Rigel da Kopf, suka fito da ƙa'idar ABCD (haruffan farko na alamomi huɗu a Turanci) haɗe da hotuna, domin kowa ya iya tsayawa gaban madubi ya nemi tabon da rabinsa bai yi kama da ɗaya rabin ba, wanda gefensa ya karkace, launinsa ya gauraya, faɗinsa kuma ya haura milimita 6. A 1998 Grob da Bonerandi a Faransa suka ce a lura da tabon da ya fita daban da 'yan'uwansa, sannan a 2004 aka ƙara harafin E, wato tabo mai sauya kama.

Sai dai akasarin hotunan na fararen fata ne, a gadon baya da kafaɗa inda rana ke duka. A baƙar fata cutar ba ta da yawa, amma idan ta zo, takan fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Irinta ce ta fara wa Bob Marley a babban yatsan ƙafa, ya rasu a 1981. Sai a 2010 aka tsara ƙa'idar CUBED, wani jerin alamomi irin na ABCD, musamman domin ƙafa, kuma a 2020 ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, ya fitar da kundin hotunan alamomin cututtuka a baƙar fata.

A ganina nan gyaran ya fi shafar mu. Manomi a karkarar Garwa ko Marwa da ya ga baƙin tabo a dunduniya zai ɗauka sukan ƙaya ne ko faso, ya yi ta shafa magani har ya koma gyambo, mace kuwa lalle yakan rufe mata tafin ƙafa da farce makonni. Hoton da zai yi aiki a asibitocinmu shi ne na ƙafa mai kaushi irin tamu, da farce mai baƙin layi da ke ƙara faɗi, a nuna wa mutane su riƙa dubawa lokacin alwala, su nufi likita da duk tabon da ke girma, yake zubar da jini, ko ya ƙi warkewa bayan wata 2 ana magani.