Sefa da naira a Maradi: waiwaye daga zamanin wuri

Ɗan kasuwar Maradi da ke sauko da kaya daga Katsina ko Kano, kafin ya tambayi kuɗin buhu sai ya tambayi canji: yau jika guda, wato sefa dubu, naira nawa? Garin na ƙasar sefa ne, amma iyakar Ɗan Isa ba ta da nisa, don haka kuɗi biyu ke juya kasuwarsa, kowane da masu iko da shi a wani birni can.

Lokacin da Katsinawa suka kafa Maradi a farkon ƙarni na 19, wuri ake kashewa daga nan har Kano, babu canji. Da 'yan kasuwar Turai suka shiga jibge wuri da suka kwaso daga Zanzibar a gaɓar teku, darajarsa ta zube, har ya zama ɗaukarsa wahala ce ga fatake. Abin da masanin tattalin arziki Milton Friedman ya shahara da shi daga baya ke nan: kuɗi in suka yi yawa, kaya ba su ƙaru ba, tsada ce ke biyo baya.

Faransa kuwa ta hanyar haraji ta cusa kuɗinta. Tun da sai da faran ake biya, dole manomi ya shuka gyaɗa ya kai wa kamfani. Masanan da ke cewa hukuma ce ke ba kuɗi daraja, ba ƙarfen da aka ƙera su da shi ba, suna da hujja a nan. An ƙirƙiro sefa a Disamba 1945, aka ɗaure ta da faran, sannan da yuro tun 1999, a kan sefa kusan 656 kowane yuro guda. Babban bankin BCEAO da ke Dakar shi ke riƙe da linzaminta don ƙasashe 8, kuma yana da reshe a Maradi.

Naira, wadda ta fito a 1973, wata hanya ta bi. An karya ta a 1986 zamanin Babangida, aka sake sakin ta a Yunin 2023, har hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Sefa kuwa babbar girgizarta ɗaya ce, ta Janairun 1994, da aka raba darajarta biyu dare ɗaya: faran guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Magani da kayan waje suka yi tsada, amma masu kai dabbobi kudu sun ɗan sha iska.

A nan ne nake ganin muhawarar masana ba ta cika sauka ƙasa ba. Masu son ɗaurarren kuɗi na cewa yana hana tsada, kuma gaskiya ne. Mai albashi a Maradi bai ga abin da takwaransa na Katsina ya gani ba. Amma ka tsaya a kasuwar dabbobi ranar da naira ta faɗi. Mai saye daga Jibiya ya shafa bayan rago, ya ƙirga abin da ke aljihunsa, ya wuce. Haka mai aya da mai wake. Masanin tattalin arziki Robert Mundell ya yi bayani a 1961 cewa kuɗi ɗaya ya fi dacewa da yankin da mutane da kaya ke kai-komo a cikinsa. Da wannan ma'auni, Maradi da Kano sun fi kusa fiye da Maradi da Dakar, balle Turai.

Ga kuma maganar bashi. Tun rushewar BDRN, bankin raya ƙasa na Nijar, wajen 1990, ƙaramin ɗan kasuwa ya fi dogara da adashi da amanar ubangida. Manomi na cin bashin hatsi da damina, ya biya da kaka lokacin da farashi ya faɗi. Rage kuɗin ruwa a Dakar ba ya isa gonarsa.

Takunkumin da ya biyo juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya ƙara tayar da batun sefa. An rufe iyaka, aka toshe asusun gwamnati a BCEAO, mutane suka yi ta layi a bankuna, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Shi ya sa maganar sabon kuɗi na ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso, ke samun masu saurare. Ni dai abin da nake so a amsa wa Maradi kafin a buga takarda ko ɗaya shi ne yadda kuɗin zai zauna da naira, da wanda zai hana a buga shi fiye da ƙima.