Masu bincike kan mutane: sa hannun kwamiti bai wadatar ba

Ɗaliban binciken lafiya da ke fita ƙauyukan Madarunfa da Tibiri, a jihar Maradi, da takardun tambayoyi sun ishe ni da waɗannan tambayoyin. Ga amsa wuri guda.

Kwamitin ɗa'a na Yamai, mai ba da izinin bincike kan mutane, ya sa mana hannu. Shi ke nan?

A'a. Takarda kwamiti ya gani, bai ga matar da za ka ɗibi jinin ɗanta ba.

Maigari ya yarda, mai gida ya yarda. Sai mun tambayi matar?

Haba! Ka tambaye ta, da Hausa, a gefe. Dangwala yatsa kan takardar Faransanci da ba ta iya karantawa ba yarda ba ce.

Me ya sa mutane ke gudun mu?

Suna da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200 a Kano, wajen rabinsu aka ba Trovan, sauran wani magani, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kano da Maradi kuwa ba nisa.

Nawa za mu ba wanda ya shiga?

Wannan kam ya danganta. Matar da ta bar gona, ta hau kabu-kabu da goyo, ta wuni a layi, dole a maida mata kuɗin mota da na abinci. Hana ta zalunci ne. Amma idan kuɗin ya yi yawa, musamman da damina, rumbu ya ƙare, yaro na fama da tamowa, to ba bayaninka ta ji ba, kuɗin ta gani. A ganina, a auna da kuɗin mota da ladan wunin aiki a wannan ƙauyen, a ba kowa daidai, a bainar jama'a. Ko hakan ma ba ya raba gardama, don wani lokaci maganin kyauta ya fi kuɗi jan mutum. Don haka ka gaya mata ƙarara: ko ta ƙi, za a duba ɗanta a asibiti kamar kowa.

Wata ta yarda, daga baya ta fasa.

Kada ka damu, ba laifinka ba ne. Haƙƙinta ne, Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin likitocin duniya na bincike kan mutane, ta tanade shi. Ka yi mata godiya, kada ka aika maigari ya lallashe ta.

Hoton yara a Facebook fa?

Kul! Ɗan wani ne, kuma bai san an ɗauka ba.

Mun gama. Sai mun koma ƙauyen?

Ku koma. Ku tara su ƙofar maigari, mata ma a wurinsu, ku faɗa musu abin da kuka gano a jininsu da amsoshinsu.