Yabon ƙananan likitoci a asibiti: wa ya cancanta, wa kuma zai bada shaida?

Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti a Damagaram ya san likitan da ke zuwa da ƙarfe 3 na dare ba shi ne babban lokotoron da ke zagayen safe ba. Galibi matashi ne, ido ja don rashin barci, aljihu cike da takardu. Ga tambayoyin da kan taso idan wani sashe na asibiti ya yi niyyar karrama irin waɗannan matasa saboda haɗin kai da tausayi.

Su wa ake nufi da ƙananan likitoci?

Kashi biyu ne. Akwai ɗaliban likitanci na shekarun ƙarshe, waɗanda suka bar aji suka koma ɗakunan majinyata, suna zagaya sassa ƙarƙashin idon manya: yara, haihuwa, tiyata, cututtukan ciki. Ɗaliban tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar André Salifou a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder suke koyon wannan aiki. Kashi na biyu likitoci ne da suka riga suka yi rantsuwa, suka dawo neman ƙwarewa a fanni ɗaya, karatun da ake kira DES, mai ɗaukar shekara 4 zuwa 5 gwargwadon fanni. Duka biyun su ne ke riƙe da gardin dare.

Ai jarrabawa na auna su. Mene ne amfanin wani yabo daban?

Jarrabawa na nuna wanda ya san sunan cuta da adadin magani. Ba ta ganin wanda ya tafi gida bai gaya wa mai karɓarsa cewa yaron gado na 7 bai samu jini ba tukuna. Kuma matashi abin da ya ga ana yabawa shi yake kwaikwayo. In saurin hannu a tiyata kaɗai ake ambata, to shi za a koya, a bar sauran. A Amurka gidauniyar Arnold P. Gold, da aka kafa a 1988, tana da kyautar da ɗalibai ke zaɓar likitoci masu neman ƙwarewa saboda tausayi da koyarwa. Abin ɗauka a nan shi ne na ƙasa ne ke zaɓar na sama da su.

Haɗin kai magana ce mai faɗi. Ta yaya ake ganinsa da ido?

Wuri na farko shi ne miƙa gardi. A ɗauki yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, irin waɗanda ke cika sashen yara daga Agusta zuwa Oktoba. Allurar artesunate sau 3 ake yinta a rana ta farko: da isowa, bayan awa 12, sai bayan awa 24, miligiram 2.4 a kowane kilo, ko 3 in yaron bai kai kilo 20 ba. Wanda ya fara da ƙarfe 10 na safe ba shi zai yi ta biyu da ƙarfe 10 na dare ba. In ya rubuta “artesunate” kawai a dosiye, babu awa, babu nauyin yaron, allura ta biyu sai ta faɗa tsakanin ma'aikata biyu, kowa na zaton ɗan'uwansa ya yi. Haka abin yake ga mai jijjigar haihuwa da ake yi wa magnesium sulfate duk awa 4: kafin kowace allura dole a ƙirga numfashi, a duba fitsari, a buga gwiwa a ga ko tana motsi, kuma mai karɓar gardi yana bukatar sanin abin da aka gani a dubawar baya.

Don haka mai haɗin kai ana gane shi a takarda. Rubutunsa na karantuwa, akwai awa da sa hannu, kuma yana zagaya gadaje masu nauyi da mai karɓarsa ƙafa da ƙafa, ba ya miƙa aiki a bakin ƙofa yana riƙe da makullin babur.

Na biyu, kiran babba da wuri. Mace ta haihu, jini ya haura rabin lita, mahaifa ta ƙi tsukewa. Matashin da ya ɗaga waya nan take, yana murza mahaifa yana sa a ɗaura ruwa, ya fi wanda ya yi ta fama shi kaɗai na awa guda don kada a ce bai iya ba. Girman kai rawanin tsiya, kuma a ɗakin haihuwa rai yake ci.

Na uku, yadda yake da waɗanda ba likitoci ba. Ungozoma mai shekara 20 a aiki in ta ce “dokta, wannan cikin bai yi min ba”, yana tsayawa ya sake dubawa? A ɗakin tiyata yana bari a karanta takardar bincike mai abu 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, ko yana gaggawar a wuce? Yana rubuta amsa ga likitan Magaria ko Gure da ya turo majinyacin, don ya san abin da aka samu?

Tausayi fa? Ba halin mutum ba ne kawai?

Hali ne, amma yana da ayyukan da za a iya lissafawa. Sallama da faɗin suna kafin a taɓa jiki. Jan labule ko rufa zane kafin a duba mace, a kuma samu wata mace a tsaye. Kiran dattijo Baba ko Malam, tsohuwa Inna ko Hajiya, a daina “mai gado 12”.

Mafi nauyi shi ne bayani. Karatun likita da Faransanci ake yinsa, majinyaci kuwa Hausa yake ji, ko Barbarci, Fillanci, Buzanci, Tubanci. Likitan da ya iya cewa “sukari ya yi yawa a jininka, shi ya hana gyambon nan warkewa” ya yi aikin da kalma goma ta Faransanci ba za ta yi ba. In harshen ya gagara a nemo tafinta cikin ma'aikata, kada a sa ƙaramin yaro ya fassara wa uwarsa ciwon mara. Sannan a ce wa mutum ya maimaita abin da ya ji, domin “to, dokta” sau da yawa kunya ce, ba fahimta ba.

Akwai tausayin da ke cikin takardar magani. Mutumin da ya sayar da akuya ya taso daga Tanut, ba a rubuta masa abu 8 a bar shi ya zaɓa da kansa a kantin magani. A ja layi ƙarƙashin wanda ba makawa yau, a rubuta mai sauƙin kuɗi in aikinsu ɗaya, a kuma tuna masa abin da doka ta ɗauke masa: tun 2006 ƙasa ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa a matsayin kyauta. Ita ma uwar da ta kawo yaro a makare, bayan an sha jiƙo an yi tsaga, faɗa ba ya ƙara wa yaron jini. Abin da yake yi shi ne ya sa gobe ta ɓoye abin da aka ba shi.

Wa ya kamata ya yi zaɓen?

Shugaban sashe yana ganin matashi a taron safe, wanke da shi, yana bada rahoto. Masu ganinsa da dare daban ne: majo (shugaban malaman jinya na sashe), malaman jinya, ungozomomi, masu shara, ma'aikatan labo da ake tasa neman jini, da masu jinya da ke kwana a tabarma a baranda. Tsari mai sauƙi shi ne a ƙarshen kowane zagaye na wata 3 ko 6 a raba takarda mai tambaya 5 ko 6, babu sunan mai cikawa, a tara aƙalla 8 zuwa 10 kan kowane matashi daga rukuni daban-daban. Tambayar kada ta zama “yana da kirki?”. A tambaya: ya taɓa barin gardi bai miƙa ba? In an kira shi yana zuwa? Faɗi abu ɗaya da ka gani da idonka. Masu jinya da yawa ba sa rubutu, saboda haka wani wanda ba ya cikin masu yi musu magani ya tambaye su da baki, kuma ranar sallama, lokacin da ba sa tsoron amsarsu ta shafi kulawa. Kwamiti na mutum 5 ya isa, a sa malamin jinya da wakilin ɗalibai a ciki, wanda ke da dangantaka da ɗan takara ya janye.

Me ke ɓata irin wannan kyauta?

Sanayya ce ta farko, kowa ya san ta. Wadda ba a cika lura da ita ba ita ce yabon jarumta: a karrama wanda ya yi awa 36 bai runtsa ba. Gajiya na kawo kuskuren lissafin magani da saurin fushi, kuma in aka tafa wa wannan, an gaya wa sauran cewa hutu gazawa ne. Sai fifita mai fara'a a kan mai shiru-shiru da dosiyoyinsa ke tsaf. Shi ya sa kwamiti zai zaro dosiye 5 na kowane ɗan takara ba tare da zaɓi ba ya karanta. Kada kuma a auna da yawan waɗanda suka rasu a hannun mutum, don mai karɓar masu nauyi shi zai fi asara, mai wayo kuma sai ya koyi kauce musu. Tunda maganar haɗin kai ake, wani zagayen a ba tawagar gardi gaba ɗaya, har da mai tura keken majinyata.

Me za a ba wanda ya yi nasara?

Takardar yabo mai sa hannun shugaban sashe da ta faɗi takamaiman abin da ya yi, a saka kofi a dosiyensa na makaranta, don ita za ta yi masa amfani ranar neman gurbin ƙwarewa. A karanta ta a taron safe gaban kowa, ba tare da sunan majinyaci ko abin da zai sa a gane shi ba. In akwai hali, a haɗa da abin aiki: na'urar sauraren ƙirji, ta awon iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, ko kuɗin halartar taron likitoci. Kuɗi masu yawa a hannu kan jawo kamfe da gaba. Takarda kuma ba ta maye gurbin alawus da aka jinkirta ko ɗakin gardi marar katifa. In waɗannan na nan, matasa za su ɗauki bikin a matsayin rufa ido.

Mai jinya da ke son nuna godiya, yaya zai yi?

Kada ya cusa wa likita jika a aljihu. Yana sa shi cikin kunya, kuma na gadon kusa da ba shi da ko dala zai ɗauka sai da kuɗi ake duba mutum. Ya tambayi sunan likitan, ya je wurin majo ko shugaban sashe ya faɗi ranar da abin da aka yi masa, ko ya sa a rubuta masa layi 3 a ajiye a ofishin sashen kafin ya kama hanyar gida.