Shin Daraktocin Kamfani Ne Ke Yanka Wa Kansu Albashi?

An daɗe ana cewa daraktocin manyan kamfanoni kan zauna a ɗaki ne kawai su yanka wa kansu abin da suka ga dama daga ribar kamfani. Ba a ga laifin mai wannan tunani ba, ganin irin kuɗin da ake ji suna karɓa.

Amma a dokar kamfanoni ta Najeriya ta shekarar 2020, babban taron masu hannun jari ne ke amincewa da ladan daraktoci. Daraktoci su kawo shawara, masu jari su kaɗa ƙuri'a. Daraktan da ba ya aikin yau da kullum a kamfanin yakan samu ladan shekara da alawus ɗin zama. Manajan darakta kuwa albashi yake ci, kuma sauran daraktoci ne ke tsayar masa da shi, galibi ta hannun wani kwamiti da ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta Najeriya ta ce kada shi ya zauna a ciki.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne kwamitin binciken kuɗi na kamfanin da ya sayar wa jama'a hannun jari: mutum 5 ne, 3 daga masu jari, 2 daraktoci, kuma doka ta ce ba su da albashi a kan wannan aikin kwamiti.

Gaskiya ne masu jari mafi tsoka sukan rinjayi ƙuri'a. Mai son tabbatarwa ya buɗe rahoton shekara na kamfanin, ya duba sashen ladan daraktoci da sanarwar babban taro.

A taimaka a tura wa 'yan'uwa masu hannun jari.